Rubutun Talla Ma Yana Son Shara

Ina gai da masu sauraronmu na cikin garin Birnin Kudu, da na Babaldu da Wurno da Sundimina da Kantoga, sannan in tsallaka ƙasar Gwaram in gai da matan Sara da Basirka da Kila da Fagam. Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke ɗaki tana ɗinkin hula, da wadda ke bakin murhu tana suyar gyaɗa, duk sannunku da aiki. A ɗan ƙara muryar rediyon, don zancenmu na yau ya shafi abin da ke ƙulle a bakin zani.

Abin da ya jawo zancen shi ne saƙon wata baiwar Allah daga ƙasar Gwaram. Ta roƙe ni in sakaya sunanta, na kuwa sakaya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a cikin gida take yi shekara da shekaru. Wani ƙaninta da ke karatu a Dutse ya zo hutu, ya ce, "Yaya, ai wannan man naki bai kamata ya tsaya a unguwa ba." Ya ɗauki hoton kwalabe, ya rubuta talla mai kyau, ya sa farashi da lambar waya da lambar asusun banki, ya ɗora a Facebook, ya kuma tura wa mutane ta WhatsApp. Ciniki ya buɗe, har daga Ningi da Kano ana aikowa. Hutu ya ƙare, yaro ya koma makaranta, rubutu ya zauna inda aka bar shi.

Bayan wata bakwai sai ga wata mata daga Kano tana shirin aurar da 'yarta. Ta ga tallar, ta ga farashi, ta ga lambar asusu, ba ta tsaya tambaya ba ta tura kuɗin kwalba ashirin, sannan ta bugo ta ce ga kuɗi nan, a sa mata kaya a mota ranar Laraba. To, a cikin wata bakwai ɗin nan gyaɗa ta tashi, itace ya tashi, kuɗin markaɗe ya tashi. Abin da aka turo ko kwalba goma sha huɗu ba zai yi ba. Da 'yar uwarmu ta fara bayani sai matar ta hau faɗa: "Ke kika rubuta ko ni? Haka kuke yi, ku jawo mutum da araha sannan ku sauya baki!" Maigida yana ɗaki yana jin komai. Da aka ajiye waya ya ce in dai wannan sana'a ce za ta sa a kira matarsa maƙaryaciya, to, a bar ta. Shi ne ta aiko tana tambaya: "Anti, laifin wa? Nawa, ko na ƙanina, ko na matar?"

Zan ba da amsa kafin mu rabu. Amma bari mu ɗan koma baya tukuna.

Sana'ar cikin gida ba yau muka fara ta ba. Kakanninmu sun yi fura, sun yi daddawa, sun yi kaɗi da saƙa, sun aurar da 'ya'ya da kuɗinsu ba tare da sun taka kasuwa ba. Har wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin yadda manoma ke rayuwa, a 1969 ta buga rubutu a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, wato saye da sayarwar da mata ke yi daga cikin gidajensu, yara na kai-kawo a tsakani. Kin ga ke nan, tun da can bakin mai sana'ar cikin gida ita ce 'yar talla. Ku tuna yadda ake tura ta. Kowace safiya, kafin a ɗora mata faranti, sai an zaunar da ita an ce, "Yau ƙosai uku kuɗi kaza ne, ba kamar jiya ba. Kada ki ba kowa bashi. In ya ƙare ki dawo." Kullum da sabon bayani. Ba wadda ke tura yarinya talla da bayanin watan jiya.

Sai zamani ya juya. A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. A 2017 WhatsApp ya fito da sitatus, inda mutum zai ɗora hoto da rubutu duk masu lambarsa su gani. A 2018 suka fito da WhatsApp Business, wanda aka yi musamman don masu ƙananan sana'o'i, mai wurin rubuta bayanin sana'a da lokutan aiki. A farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka yi wuya a hannu, mata da yawa da ba su taɓa karɓar taransifa ba suka koya dole. Yanzu mace tana ɗakinta a Kantoga, turarenta yana Dutse. Ni ina murna da haka, musamman don yarinyar da da za ta wuni tana yawo da faranti a rana, yanzu tana iya zama a aji. To, amma wannan sabuwar 'yar talla, wato rubutun da kika ɗora, tana da halinta. Ba ta dawowa gida da yamma ki sake mata bayani. Abin da kika faɗa mata ranar farko shi za ta yi ta faɗa wa mutane, dare da rana, har ranar da kika je kika gyara mata baki.

Mutanen Birnin Kudu sun fi kowa sanin wannan. Ga zanen shanu nan a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, tun kaka da kakanni, masu zanen sun daɗe da komawa ga Allah, har yau baƙi suna zuwa kallo. Abin da aka rubuta yana daɗewa fiye da lokacin da aka yi shi dominsa. Wata za ta ce ai sitatus kwana ɗaya yake yi ya ɓace. Gaskiya ne, bayan awa 24 yake sauka. Amma wadda ta gani ta ɗauki hotonsa ta ajiye fa? Wadda ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa zauren matan unguwarsu fa? Na Facebook kuwa yana nan zaune sai in an goge. Haka takardar da kika liƙa a jikin roba. Kai, har wadda ba ta da babbar waya, aka rubuta mata "Akwai ƙanƙara" ko "Ana markaɗe a nan" da gawayi a bangon ƙofar gida, ita ma zancen nan nata ne. Gida nawa ne firji ya lalace tun bara, amma har yau yara suna sallama da naira a hannu saboda rubutun bango?

To, bari mu ɗauki abin daki-daki. Da farko, me ya kamata rubutun talla ya ƙunsa?

Sau da yawa nakan ga an rubuta irin wannan: "Kayanmu sun fi na kowa, sai kin gwada, ki neme mu." Uwargida, wannan kirari ne, mai saye ba ta ƙaru da komai ba. Mai saye tana da tambaya biyar a ranta: mene ne, yaya yawansa, nawa ne, a ina zan karɓa, wa zan kira. In rubutunki ya amsa biyar ɗin nan ya gama aikinsa. Ga misali: "Man gyaɗa na gida, tatar wannan mako. Kwalbar lita ɗaya naira kaza. Wannan farashin ranar Litinin ne 3 ga wata, a tambaya kafin a turo kuɗi. Ana karɓa a Sara, ana aikawa Birnin Kudu da Dutse a motar haya, kuɗin mota na mai saye ne. A kira daga hantsi zuwa la'asar." Layi biyar ke nan, ba wuya, ba ado. Ku lura da abu biyu a ciki: kwanan wata, da kuma "a tambaya kafin a turo kuɗi". Da waɗannan biyun suna cikin tallar 'yar uwarmu ta Gwaram, da ba a kai ga cacar baki ba.

Batun ma'auni kuwa a kula sosai. In kin ce kwano, wane kwano? Kun san kwanon wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, kuma tiya daban, mudu daban. In kin ce kwalba, ta lita ce ko ta lemo? In kin ce ƙulli, ƙullin nawa? Mai ɗinkin hula ta faɗi lambar hular da irin zaren. Mai kayan gara ta faɗi alkaki guda nawa ne a bokiti, dubulan guda nawa, don bokiti ma akwai babba akwai ƙarami. Maƙwabciyarki da ke shigowa gida tana gani da idonta, amma ta Kano rubutunki kaɗai take da shi.

Na biyu, gyaran rubutu kafin a sake shi. A makaranta malamanmu na aikin jarida sun koya mana cewa duk abin da za a karanta a rediyo, sai mai rubutun ya fara karanta shi da ƙarfi, kunnensa ya ji. Inda harshe ya yi tuntuɓe, akwai gyara a wurin. Ke ma ki yi haka. Ki rubuta, ki ajiye wayar, ki je ki sauke tukunya, ki dawo ki karanta da baki. Sannan ki ba wani ya karanta miki, ko 'yarki ko maigida, ba tare da kin yi masa bayani ba, ki tambaye shi me ya fahimta. In ya ce, "To, nawa ne ƙaramar robar?" kin san akwai abin da kika bari.

Ki duba haruffan nan namu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Kaya daban, ƙaya daban. Baki daban, baƙi daban. Kin ga in kika rubuta "zare baki" alhali baƙi kike nufi, sai mai karatu ta tsaya tana lissafi. Yawancin manyan wayoyi ana iya sa musu madannin Hausa mai waɗannan haruffa, ki sa yaro ya saita miki sau ɗaya, shi ke nan. Ki kuma sa ido a kan wayar da ke da karambanin gyara kalma, ki rubuta Hausa ta mayar miki da wata kalmar Turanci da ba ki ce ba. Gajarce-gajarcen da yara ke yi a hira, irin su slm da ykk da lfy, a bar su a hira. Mai sayen kayan gara sau da yawa dattijuwa ce, ki yi mata cikakkiyar Hausa.

Inda aka fi yin kuka shi ne lambobi. Sifiri ɗaya ne tsakanin 1,500 da 15,000. Lambar waya a ƙasar nan guda 11 ce, lambar asusun banki guda 10. Ki ƙirga da yatsa. Bayan kin ɗora, ki ɗauki wata wayar ki buga lambar kamar yadda take a rubuce, ki ga ko taki ce za ta yi ƙara. Ni shawarata ma, kada ki sa lambar asusu a cikin talla. Ki bari sai kun yi magana da mai saye kun daidaita, sannan ki tura mata, tare da sunan da zai fito a asusun, musamman in na maigida ne ko na ɗanki, don kada ta ga sunan namiji ta yi zaton 'yan damfara ne.

Na uku, gaskiya. Hoton da za ki sa ya zama na kayanki, wanda kika ɗauka a tsakar gidanki da hasken safiya. Kada ki ɗebo hoton cincin na wata daga intanet ki ce naki ne, don ranar da aka buɗe bokiti za a gwada. In man na jiya ne kada ki ce na yau. In an haɗa turaren da wani abu kada ki ce zalla. Malamanmu na Islamiyya sun sha ba mu labarin lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa alhali busasshe ne a sama, ya kuma yi masa gargaɗi mai tsanani a kan algus. Akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da kashedi ga masu tauye mudu. Hoto mai kyau a sama, kaya marasa kyau a ƙasa, ai jiƙaƙƙen hatsin nan ne aka sake wa kama.

A nan ina da magana ta musamman da masu haɗa kayan mata da na gyaran jiki da jiƙe-jiƙe. Don Allah a daina rubuta cewa abu kaza yana warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko yana sa haihuwa. Wata za ta karanta ta ajiye maganin da likita ya ba ta, in wani abu ya same ta, da me za ki fuskanci Ubangiji? Mai ciwo a ce mata ta je asibiti, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, ga ƙananan asibitoci a garuruwanmu. Haka kuma hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna, ita kaɗai ke ba da lambarta. Kada mai buga takardar liƙawa ya ce bari ya sa miki wata lamba don kaya su yi kwarjini. Laifi ne a doka, kuma sunanki ne a jikin robar, ba nasa ba.

Na huɗu, wanda shi ne zuciyar zancenmu: shara. Ba wadda ke share tsakar gida sau ɗaya ranar da ta tare ta ce ta gama. Rubutun talla ma haka yake. Ki ware rana ɗaya a mako, ta fi kyau ta zama washegarin ranar kasuwar da ake yi miki sayayya, lokacin da kika san yadda gyaɗa da suga da fulawa suka kwana. Ki zauna minti goma ki bi rubutunki layi-layi, kina tambayar kanki: wannan har yau gaskiya ne?

Me ke sauyawa? Farashi ne kan gaba. Kowa ta san da kaka gyaɗa da riɗi suna sauka, in an doshi bazara zuwa damina su hau. Ban da wannan akwai tashin da ba a shirya masa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500, kuɗin mota da na markaɗe da na komai suka bi ta. Duk tallar da aka rubuta a watan Afrilun shekarar ta zama ƙarya a watan Yuni, ba tare da mai ita ta yi niyyar ƙarya ba. Sai kayan da suka ƙare. In daddawa ta ƙare ki rubuta ta ƙare, sai ranar kaza. Ya fi a kira ki sau biyar kina cewa babu, don wadda aka ce wa babu sau biyu ba ta sake kira. Sai tallar lokaci. "Ana karɓar odar cincin ɗin salla" ba ta da wurin zama bayan salla da mako uku, a sauke ta. In kin haihu kina wankan jego, ko kin tafi ganin gida, ko an yi rasuwa, layi ɗaya ya isa: "An dakata sai ranar kaza, in Allah Ya yarda." Mutane suna yi wa mai bayani uzuri, mai shiru ce suke cewa ta daina.

Sai lambar waya. A ƙarshen 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma a 2024 an rufe layuka masu yawa da ba a haɗa ba. Mata da yawa sun sayi sabon layi suka ci gaba da harkarsu, tsohuwar lamba kuwa tana nan a jikin roba da kan Facebook. Ku sani, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana iya ba wani. Ke nan mai neman manki za ta buga, wani baƙon namiji ya ɗauka. In mai tsoron Allah ne ya ce ba nan ba ne. In ba haka ba fa? Saboda haka duk ranar da kika sauya layi, a ranar za ki bi duk inda tsohon yake ki gyara.

Wannan ya kawo mu ga ɗan littafi. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. A shafin farko ki rubuta duk wuraren da tallarki take: sitatus, Facebook, zauren matan Islamiyya, zauren dangi, jikin roba, bangon ƙofar gida. A sauran shafuka, duk ranar da kika sauya farashi ki rubuta kwanan wata da sabon kuɗin. Ranar shara ki buɗe shafin farko ki bi su ɗaya bayan ɗaya, don kada ki gyara a wuri biyu ki manta na uku, wata ta ga farashi iri biyu ta ce kina da baki biyu. Tsohuwar talla kuwa a goge ta, kada a bar ta a ƙasan sabuwa. A jikin takardar roba kada a buga farashi sam, tunda dubu ake bugawa lokaci ɗaya. Suna da lamba sun isa.

Na biyar, abin da ba a rubutawa. Mu matan aure ne, muna da martabar da muke karewa. Kafin ki fara komai ki nemi yardar maigida, ki nuna masa abin da za a ɗora. Kada ki sa hotonki, kada ki sa na 'ya'yanki, kada ki yi kwatancen gida dalla-dalla. Sunan gari ko unguwa ya isa, kaya kuwa a karɓa a shagon ɗan uwa ko a tasha ta hannun wanda kuka amince da shi. In da hali a ware layin sana'a daban da na gida, a kuma rubuta lokacin kira, don kada wani ya bugo ƙarfe goma sha ɗayan dare ya jawo miki abin da ba ki nema ba. Wanda ya ce ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki don ya tabbatar da oda, ɓarawo ne, WhatsApp ɗinki yake so ya ƙwace ya roƙi mutane kuɗi da sunanki. Lambar sirrin katinki da ta BVN ba ruwan mai saye da su. In an ce an turo kuɗi kada ki tsaya ga hoton rasit ko saƙon alat kawai, ki duba asusun ki ga sun zauna sannan kaya su fita.

Na san akwai mai saurarona da ke cewa, "Anti, ni fa ban yi boko ba." Yaya, wannan bai hana ki komai ba. Ke ce mai sana'a, ke kika san kayanki, mai rubutu hannu kawai ya ara miki. Ki faɗa, 'yarki ta rubuta, sannan ta karanta miki daga farko har ƙarshe, ki ce a cire nan, a ƙara can. Kina iya yin saƙon murya ma, ki fara da faɗin ranar da kika yi shi. Abu ɗaya dai: kada mabuɗin ya tafi da mai rubutu. In ƙaninki ko ɗanki ne ya buɗe miki shafi, to, a wayarki za a buɗe, a rubuta kalmar sirrin a littafin nan naki, a kuma koya wa wani da ke kwana a gidan yadda ake gyarawa da gogewa. In kuma akwai ajin yaƙi da jahilci na matan aure a unguwarku, ki nemi izini ki shiga. Wadda ta iya ƙirga canji ba a cuce ta ba, karatun layi biyar ba zai gagare ta ba.

To, mu koma ga 'yar uwarmu ta Gwaram. Laifin wa? Matar Kano ta yi gaggawa, kuma ta yi zafin baki, amma abin da ta gani a rubuce shi ta bi. Ƙanin ya yi alheri, kuskurensa shi ne ya tafi bai bar mabuɗi ba. Kaso mafi girma, ki yi haƙuri 'yar uwa, naki ne, domin 'yar tallarki ce, kika bar ta wata bakwai a titi ba ki sake mata bayani ba. Mun yi magana da ita a waya kafin in shigo. Na ba ta shawara ta sake kiran matar ta ba ta haƙuri, ta ba ta zaɓi, ko a mayar mata da kuɗinta cif, ko ta karɓi abin da kuɗin zai saya a farashin yau. Sai ta ce mini a'a, tunda da sunanta aka rubuta, kuma ga biki ya matso, za ta cika ashirin ɗin ta cike giɓin da kuɗin adashinta. Ban ce dole kowa ta yi haka ba, amma na jinjina mata. Maigida ya yarda a ci gaba da sana'a, da sharaɗin duk ranar Juma'a bayan ya dawo masallaci a karanta masa abin da ke rubuce. An kira ƙanin ya goge tsohuwar tallar, babbar 'yarta mai aji biyu a sakandare ita ke riƙe da littafi yanzu.

Ga aikin gida na wannan mako. Yau da daddare, in yara sun kwanta, ki ɗauko wayarki ki nemo talla mafi tsufa da kika taɓa ɗorawa, ki karanta ta da baki. In har yau gaskiya take faɗa, ki sa mata kwanan watan yau. In ta daina, ki gyara ko ki goge. Wadda tata tallar ke bangon ƙofar gida, ta aiki yaro da safe ya karanto mata abin da ke wurin. Ku aiko mana da abin da kuka tarar, za mu karanta wasu a fili na gaba ba tare da ambaton suna ba.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu na halal, Ya rufa mana asiri, Ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gai da maigida da yara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.